Sojan Gona na Gaske da Sojan Gona na Zuci: Waiwaye Daga Ƙasar Daura

Gabatarwa

Akwai wata damuwa da na lura tana cin ma'aikata da yawa daga cikinmu, musamman sababbin kama aiki, amma da wuya ka ji wani ya buɗe baki ya ambace ta. Mutum ya yi karatu, ya ci jarrabawa, an ba shi takardar shaida, an ɗauke shi aiki, an nuna masa tebur da kujera, amma kullum ya zauna sai zuciyarsa ta riƙa raya masa cewa kuskure aka yi aka ɗauke shi, bai san kome ba, kuma ba da daɗewa ba asirinsa zai tonu. In shugabansa ya aiko kiransa sai gabansa ya faɗi. In aka yabe shi sai ya ce a ransa, "Ai don ba su san ni ba ne." Bahaushe ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To, abin mamaki a nan shi ne, wannan bawan Allah babu kaza a aljihunsa, amma as ɗin tana firgita shi.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in duba wannan damuwa ta fuskar tarihi, in ɗauki misalaina daga ƙasar Daura, musamman yankinmu na Kongolam da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Abin da nake son nunawa shi ne, tarihinmu ya san sojan gona na gaske, ya kuma san hanyar gane shi, kuma in muka bi wannan hanya za mu ga mafi yawan masu tuhumar kansu ba su da laifin da suke ɗora wa kansu.

Kan Maciji a Kusugu

Bari mu fara da labarin da kowane ɗan firamare ya sani, wato na Bayajida da macijin rijiyar Kusugu. Ba ina nufin in shiga gardamar masana kan asalin labarin ba. Wani ɓangarensa ne da ba a cika tsayawa a kansa ba nake son mu duba.

Kamar yadda labarin ya zo, baƙo ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda maciji. Ya karɓi guga ya tafi rijiya, ya kashe macijin, ya yanke kansa ya adana, ya komo ya kwanta bai gaya wa kowa ba. Da gari ya waye mutane suka hangi gangar jikin macijin a bakin rijiya, kowa ya ja da baya. A wata ruwaya an ce Sarauniya Daurama ta aiki Galadima ya dubo, ya tsaya daga nesa ya komo ba tare da ya tabbatar da kome ba. Sai Kaura ya tafi, ya matsa har ya taɓa, ya ga ashe babu kai. Da sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, sai masu da'awa suka yi ta fitowa, kowa ya ce shi ne, wasu har da kawunan macizan da suka samo a wani wuri. Aka riƙa gwada kai da gangar jiki, ba su dace ba. A ƙarshe tsohuwa ta tuna da baƙonta, aka kira shi, ya fito da kan, aka gwada ya zauna daidai.

Abubuwa uku na tsinta a nan. Na farko, masu ƙarya su ne suka fi ɗaga murya, ba kuma a ce ko ɗayansu ya yi kokwanton kansa ba. Na biyu, mutanen Daura ba su yanke hukunci da ƙarfin muryar mutum ko da abin da yake ji a ransa ba, shaida suka nema, wato kai ya dace da jiki. Na uku, maciji ya riga ya mutu tun cikin dare, amma tsoronsa ya ci gaba da hana mutane ɗibar ruwa har sai da aka sami wanda ya matsa kusa ya duba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku, domin za mu komo gare su.

Zamanin Jar Dara

Kalmar "sojan gona" ta fi dacewa da zamanin zuwan Turawa. Bayan da aka kafa mulkin Ingilishi a Arewa a 1900, aka ci Kano da Sakkwato a 1903, Turawan da ke ƙasar 'yan ƙalilan ne, kuma ba su jin harsunanmu sosai. Saboda haka ikonsu yakan isa ƙauye ne ta hannun soja da masinja da tafinta. Talaka ba ya iya karanta takarda, ba ya kuma da halin zuwa barikin Razdan ya tambaya ko da gaske an aiko wane. Abin da yake gani kawai shi ne tufafi.

Nan ɓarayin zaune suka sami ƙofa. A cikin rahotanninsa na shekara-shekara Gwamna Lugga ya yi ta kuka da wannan laifi, har ya sa shi cikin laifuffukan da suka fi yawa a ƙasar. Yadda ya kwatanta abin, mutum zai sa jar dara da wando, ya shiga ƙauye ya ce Bature ne ya aiko shi, ya zauna yana karɓar dabbobi da hatsi, babu mai iya ɗaga masa murya. Wannan shi ne sojan gona na gaske. Ya san bai taɓa shiga bariki ba, ya san ba wanda ya aiko shi, da gangan ya sa rigar da ba tasa ba domin ya ci haƙƙin mutane. Jarinsa duka shi ne ƙarfin hali da buɗe ido. Ran da ya nuna alamar shakka, ran nan cinikinsa ya mutu.

Sai mu gwada shi da ma'aikacin da na ambata a farko. Shi wannan bai ƙirƙiri takarda ba, bai saci sunan kowa ba, bai ɓoye wa waɗanda suka ɗauke shi kome ba, kuma dare da rana yana ƙoƙarin ya sauke nauyin da aka ɗora masa. Abin da ya haɗa su guda ne kawai, dukansu suna sanye da rigar da ta zo daga wani wuri, kuma daga wannan rigar ne damuwar take tsirowa.

Iyaka ta Ratsa Ƙasar Daura

A ƙarni na 19 ƙasar Daura ta kasu. Wajen 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci birnin, Sarki Gwari Abdu ya fita. Zuriyarsa daga baya suka zauna a Zango, wani reshe kuma a Baure, suna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Wato kusan shekara ɗari ana da gidaje uku, kowanne yana ganin shi ne mai Daura. Shekaru kaɗan bayan cin Kano, Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi Sarkin Daura. Tun daga wannan lokaci duk sarkin da aka naɗa a Arewa, ban da rawani, sai an ba shi sanda da takardar naɗi daga Gwamna. Malam Musa ya rasu a 1911, Sarki Abdurrahman ya gaje shi ya yi shekara 55 a kan gado, har 1966. Takarda ce ta maido da gidan birni, amma tsawon zama da jama'a da gudanar da sha'aninsu ne ya zaunar da shi.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka shata iyaka. Ingila da Faransa sun yi yarjejeniya a 1898, suka gyara ta a 1904, suka sake gyarawa a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Manjo Oshi na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa ta bi ƙasa tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi tana kafa alamomi 148. Layin ya ratsa tsakanin garuruwan da suke auratayya da cin kasuwa ɗaya. Kongolam, da ke arewa da Daura a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta yanzu, ta zama ƙofa a kan hanyar da ta nufi Matamaye da Damagaram.

Da iyaka ta zo, sai ta zo da ayyukan da kakanninmu ba su sani ba a wannan siffa, irin su kwastan da duba takardun shiga da fita da buga hatimi. Na tashi ina ganin yadda ake ɗaga sandar shinge ana saukewa, ina kuma ganin yadda dattijo mai furfura yake tsayawa gaban yaro sa'an jikansa yana jiran izinin wucewa zuwa suna ko jana'iza a gidan 'yarsa. Wani abokin karatuna da ya taɓa irin wannan aiki ya gaya mini cewa a watanninsa na farko, duk sa'ad da ya ce wa wani dattijo, "Baba, ina takardarka?" sai ya ji kamar wasan kwaikwayo yake yi, kamar wani zai fito daga cikin jama'a ya ce, "Kai, ba ɗan gidan wane ba ne? Cire rigar nan." Alhali kuwa horonsa cikakke ne, aikinsa kuma ba a taɓa kuka da shi ba.

Dalilin a fili yake. A tsarinmu na dā, sana'a gado ce, kuma a gaban jama'a ake koyonta. Ɗan maƙeri yana zuga tun yana ƙarami, kowa a gari yana ganin ranar da ya fara ƙera lauje. Almajiri yakan tashi daga kolo ya zama titibiri, ya zama gardi, ya yi sauka a gaban mutane, in Allah ya nufa ya kai alaramma ko gwani, kuma kowane mataki akwai waɗanda suka shaida shi. Irin wannan mutum ba ya tambayar kansa ko ya cancanta, domin gari duka ya riga ya ba shi amsa. Aikin boko kuwa a wani gari ake koyonsa, cikin wani harshe, wasu mutane da iyayenka ba su taɓa gani ba su ne suke sa hannu a takardar. Ka komo gida da iko, amma ba ka komo da shaidun da suka ga yadda ka same shi ba.

Kujeru Sun Riga Mutane

Abin ya ƙara tsanani a shekarun neman mulkin kai. An buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, amma ɗalibanta ba su da yawa, kuma don koyarwa aka fi horar da su. Da aka shiga shekarun 1950, gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, ga shi kuwa masu ilimin da za su cike guraben ba su isa ba. Makarantar horar da akawuna da ke Kongo a Zariya aka ɗaukaka ta zama cibiyar koyon aikin mulki a 1954, a 1957 kuma aka fara kwas na horar da 'yan ƙasa su zama mataimakan Di'o. Arewa ta sami mulkin kai a 1959, Nijeriya ta sami 'yanci a 1960. Cikin 'yan shekaru, malamin makaranta da akawun En'e suka sami kansu a kujerun da Turawa masu digiri daga Okasfod da Kambirij suka tashi a kai.

Misalai suna da yawa. Abubakar Imam malamin Midil ne a Katsina, bai je makarantar koyon aikin jarida ba, amma shi ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, shekarunsa ba su kai talatin ba. Muhammadu Bashar ya zama minista a gwamnatin Sardauna yana Wamban Daura, tun bai kai shekara arba'in ba, kafin ya hau gadon sarauta a 1966 ya zauna har 2007. Dakta Ishaya Audu ya karɓi shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello daga hannun Bature a 1966, jami'ar tana da shekara huɗu kacal da kafuwa.  A kan kujerar suka koyi aikin, kuma tarihi bai kira ko ɗayansu sojan gona ba.

Haka aka sake yi a 1976 da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka tsara, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa ana tura su ƙauyuka, wasu ba su fi ɗalibansu da shekaru masu yawa ba. Ba na musun cewa gaggawar ta jawo rauni a wasu wurare. Amma da yawa daga cikin malaman jami'a da likitoci da alƙalan da suka fito daga karkara, a hannun waɗannan matasa suka koyi baƙi da wasali.

Akwai kuma wani miki da ya shafe mu kai tsaye. Tun da tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba guraben aiki tsakanin jihohi, ɗan Arewa da ya sami gurbi a makaranta ko ma'aikatar tarayya yakan ji ana raɗa cewa rabon jiha ne ya kawo shi. Wanda ya sha jin wannan magana, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu, wata rana sai ya fara gaya wa kansa ita. 'Yan'uwanmu mata kuwa nasu ya ninka, domin ban da wannan akwai masu ce musu wurin ma ba nasu ba ne. Amsata ita ce, ko da rabon jiha ne ya buɗe ƙofa, ba shi ne yake shiga ɗakin jarrabawa ya rubuta amsa ba, ba kuma shi ne yake duba marar lafiya ko ya tsaya gaban aji ba.

Sunan da Masana Suka Ba Abin

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ne. A 1978 wasu mata biyu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka buga sakamakon aikin da suka yi da mata fiye da 150 waɗanda suka yi fice a karatu da aiki, cikinsu har da masu digirin digirgir. Suka tarar da yawansu sun yi imani cewa ba su da basirar da ake zato, sa'a ce kawai, ko kuskuren masu zaɓe, ko wahalar da suka sha fiye da kowa. Suka raɗa wa abin suna da kalmar da ta yi daidai da sojan gona a Hausa. Binciken da ya biyo baya ya nuna maza ma suna fama da shi.

Abu biyu a cikin bayaninsu ya ja hankalina. Na farko, nasara ba ta warkar da shi. Mai wannan hali in ya ji tsoron faɗuwa sai ya ninka wahala, in ya ci sai ya ce wahalar ce ta rufa masa asiri, gobe kuma ya sake daga farko. Na biyu, sun ga amfanin tara masu damuwar wuri guda, domin idan mace ta ji wadda take ganin ta fi ta nesa ba kusa ba tana faɗin abin da ita ma take ɓoyewa, sai ta fara shakkar hukuncin da ta yanke wa kanta.

A wajenmu akwai abin da yake ƙara wa wutar makamashi, wato kunya da kawaici. An hore mu da cewa yabon kai jahilci ne, kirari aikin maroƙa ne. Wannan tarbiyya mai kyau ce. Amma tawali'u daban, raina kai daban. Mai tawali'u ya san abin da ya iya, ya gode wa Allah, ya yi shiru. Mai raina kai kuwa musun baiwar yake yi, har ya ƙi neman ƙarin girman da ya cancanta, ya ƙi ɗaga hannu a taro alhali amsar tana bakinsa, ya ƙi miƙa rubutunsa ga mujalla irin wannan. Hasarar ba tasa ba ce shi kaɗai, domin duk kujerar da ya ƙi zama a kai, sojan gona na gaske ba zai ƙi ta ba.

Maganin da ke Cikin Tarihinmu

Yanzu sai mu komo ga abubuwa ukun nan na Kusugu. Na farko, shakka ba shaidar ƙarya ba ce. Masu kawunan bogi ba su yi shakka ba, mai jar dara bai yi ba. In ka ga kana damuwa da ko kana sauke haƙƙin aikinka, wannan damuwar kanta ta raba ka da su.

Na biyu, a gwada kai da jiki. Maimakon mutum ya tambayi zuciyarsa, wadda takan faɗi wani abu da safe ta sauya da yamma, ya tambayi aikinsa. Malami ya duba littattafan ɗalibansa na farkon shekara da na ƙarshenta. Akawu ya duba ko lissafinsa yana fita. Ina ba da shawarar mutum ya ajiye ɗan littafi yana rubuta abin da ya kammala da abin da waɗanda suka san aikin suka ce a kai, ya buɗe shi ranar da zuciya ta tashi da tuhuma.

Na uku, a yi irin ta Kaura. Tsoron da ba a matsa kusa da shi ba girma yake yi. Ka zauna ka rubuta ainihin abin da kake jin ba ka iya ba. Sau da yawa za ka tarar abu biyu ne ko uku, ba aikin duka ba, kuma kowannensu ana koyonsa cikin 'yan makonni. In giɓin na gaske ne, to ka san inda za ka cike, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Sai in ƙara na huɗu, wato a maido da shaidu. Abin da tsarin dā yake ba ɗan maƙeri da almajiri, mu sai mun nema da kanmu. Ka sami babba a wurin aikinka wanda zai duba aikinka ya gaya maka gaskiya, ka kuma sami tsara da za ku riƙa buɗe wa juna ciki. A nan akwai nauyi a kan malamanmu da shugabannin ma'aikatu. Jan biro a kan kuskure kaɗai bai isa ba, yaro yana bukatar a ce masa, "Wannan ka yi daidai, ga kuma dalili." In babba ya gaya wa na ƙasa da shi yadda ƙafarsa ta yi rawa ranar da ya fara shiga aji, ya rage masa wahalar shekara guda.

Magabata ma sun bar mana misali. An ruwaito cewa da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, ya shaida wa jama'a cewa an ɗora shi a kansu alhali ba shi ne mafificinsu ba, ya nemi su taimake shi in ya yi daidai, su gyara masa in ya kauce. An kuma san Imamu Malik da yawan cewa bai sani ba idan aka yi masa tambayar da ba shi da tabbacin amsarta. Dukansu biyu sun faɗi iyakarsu a fili, kuma ba wanda ya sauka daga aikinsa saboda haka.

Kammalawa

A taƙaice, tun daga zuwan Turawa har yau al'ummarmu tana cikin zamanin da ayyuka suke sauyawa da sauri fiye da yadda ake gadonsu. Da yawa daga cikinmu mu ne na farko a gidajenmu da muka shiga jami'a, kuma mu ne za mu zama na farko a ofisoshin da za a tura mu. Wanda yake na farko dole ya ji rigar ta yi masa baƙunta, kamar yadda ta yi wa yaron da ke tsaron shinge a Kongolam. Abin da ake binsa shi ne kada ya yi da'awar abin da bai sani ba, kada kuma ya musa abin da ya sani, ya bar aikinsa a fili inda masana za su iya aunawa. Wanda ya yi haka ya fita daga sahun sojan gona, ko mene ne zuciyarsa take raya masa da dare. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da za a danƙa mana, amin.